Zaren Tsatsa a Motar Mama Rifkatu

Ku 'yan yanzu, idan aka ce a yi wa shasi banish, sai ku ɗauki bindigar feshi ku yi fuu sau biyu, ku wanke hannu, ku ce ina abinci. Ku zauna in gaya muku yadda garejinmu ya fara wannan aiki a Kafanchan. Ba don ado muka fara ba. Tsoro ne ya koya mana.

Na shiga koyon aiki wajen Baba Yohanna a shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama. Tsohon ma'aikacin reluwe ne, a loko, wajen gyaran injin jirgin ƙasa, ya koyi ƙarfe, ya bar aiki ya buɗe gareji a bayan kasuwa. Kayan aikinmu ba su cika akwati biyu ba: guduma, kurfi, burushin waya, samfefa, sifanoni, jak guda ɗaya mai yoyo, da tukunyar kabaid ta walda. Shekara biyu na yi ban taɓa walda ba, kankarar shasi kawai nake yi. Shasi shi ne dogayen ƙarafan nan biyu da ke kwance a ƙarƙashin mota, waɗanda inji da jiki da fasinja duk suke zaune a kansu. A ƙasarmu kuwa ruwa yakan yi wata shida yana zuba, jar laka ta shige kowane lungu na ƙarfe ta kwanta, tsatsa ta yi ta ci a ɓoye. Maganin da kowane gareji ya sani a lokacin shi ne kwalta. A narka ta a rabin duro, a shafa da kauri, shasi ya fito baƙi wuluk yana ƙyalli, mai mota ya tafi yana murna.

Akwai wata a-kori-kura ta wani ɗan kasuwar citta, wadda wani direba, Audu, yake tuƙawa. Mun yi mata faci a shasi da rani, Baba ya yi waldar, ni na shafa kwaltar da hannuna, har Audu ya ce ta fi sabuwa kyau. Da damina ta yi tsakiya, wata ranar kasuwa, tana saukowa gangaren da ke bayan Kagoro da buhuna da mata a baya, shasin ya karye gida biyu. Mata biyu suka mutu. Audu ya rasa ƙafar dama.

'Yan sanda suka kawo guntun ƙarfen garejinmu a cikin buhu. Babbansu ya buga shi da kulki, kwaltar ta ɓare kamar ɓawon rogo, tsatsa ta zubo ƙasa. Baba ya ɗauka ya daɗe yana juyawa. Ya nuna mini bakin karayar. Ƙarfe idan yau ya karye, bakinsa fari ne. Wannan kuwa ja ne kusan duka, sai ɗan gefe kaɗan.

Ya ce, "Ka gani, Bulus? Ya fi wata uku yana tsagewa. Da ido ya gani, da an tsaya. Mu muka rufe wa ido hanya."

Suka tafi da shi, ya kwana huɗu a wajensu. Duk motar da ta rage gudu a bakin gareji a kwanakin nan, sai in ce ni aka zo ɗauka, tunda hannuna ne ya shafa. Ba su zo ba. Wanda ya zo shi ne mijin ɗaya daga cikin matan, wani manomi dogo. Kowace ranar kasuwa yakan tsaya a gindin mangwaro daura da mu, da fartanya a kafaɗa, ba ya magana, ba ya zagi, kallonmu kawai yake yi har rana ta karkata. Sau ɗaya Baba ya kai masa ruwa a kwano, bai karɓa ba. Ni dai duk ranar kasuwa ban yarda na juya wa titi baya ba. Sai da aka yi girbi ya daina zuwa.

Wannan ita ce muguwar shekararmu. Ba mai kawo mota. Muka koma liƙe bokiti da gyaran keke da facin tukunyar burkutu. Sauran masu koyo suka watse, ni kaɗai na rage, domin ba ni da inda zan je.

Farkon damina ta gaba sai ga Mama Rifkatu. Ungozoma ce a wani ƙaramin ɗakin magani na ikilisiya kusa da Kagoro, ta ba sittin baya, gwiwoyinta suna damunta, amma murya kamar ta soja. Tana da wata tsohuwar koriyar motar jif da turawan mishan suka bari, da ita take ɗauko masu naƙuda daga ƙauyukan kan dutse. Direbanta, Ishaya, ya tsayar da motar, ta sauko da kyar.

Ta ce, "Yohanna, mutane sun ce kada in kawo maka."

Ya ce, "Sun yi gaskiya, Mama."

"To, na kawo. Ni na karɓi haihuwar 'ya'yanka huɗu, na san gidanka. Amma ka ji ni da kyau. Ba citta nake ɗauka a motar nan ba."

Baba ya shiga ƙarƙashi ya fito, ya ce zai yi, amma da sharaɗi biyu. Ba zai sa kwalta ba, ba zai sa wani fenti mai launi ba, abin da ake ganin ƙarfe ta cikinsa zai shafa. Kuma duk bayan sati biyu, ranar Asabar, a kawo motar a duba. Ta ce ta yarda.

Muka ɗaga jikin motar muka aza a kan gungume, muka jawo shasin waje shi kaɗai. Kwana tara ina kansa da kurfi da burushin waya da samfefa, har ya yi fari kamar sabon cokali. Duk inda tsatsa ta ci, Baba ya yanke ya sa sabon ƙarfe. Cikin shasi rami ne, hannu ba ya shiga, don haka muka ɗumama baƙin mai muka ɗura ta huji, muna karkata shi gaba da baya har man ya zagaya. Baba ya hau jirgin ƙasa ya sayo banish a Jos, irin mai ƙarfi da kafintoci ke shafa wa bencin majami'a, ya tsinka shi da tina, ruwan da ake tsinka fenti da shi. Daga nan dokoki suka fara. Ba a taɓa farin ƙarfe da hannu tsirara, domin gumi gishiri ne, kuma shatin yatsa zai fito ja bayan wata ɗaya. Ba a shafawa sai ƙarfe ya sha rana, ko an bi shi da wuta, har bayan hannu ya ji ɗuminsa, domin sanyin safe yana barin raɓar da ido ba ya gani. Shafi na farko siriri, a bar shi kwana guda, sannan na biyu, sannan na uku. Muka rufe shi da tsohon gidan sauro saboda ƙuda da ƙura.

Ishaya ya zo ya leƙa, ya yi dariya. Ya ce, "Baba, wannan ai tsirara ne. Mutane za su ce fenti ya ƙare muku."

Baba ya ce, "Bari su ce. Likita ma sai ya tuɓe wa mutum riga yake ganin ciwo."

Saura wuri ɗaya, ƙarfen da sifirin ɗin baya na hagu yake rataye a jiki, sai zazzaɓi ya kwantar da Baba. A lokacin na riga na iya walda, ya ce in yi. Ina gamawa, ƙarfen yana ja, iska ta kaɗo ruwan sama ta gefen rumfa ya faɗa a kai. Na ji tsuu, sannan na ji wani ɗan ƙara, tik, kamar an karya tsinke. Na duba ban ga komai ba. Washegari gari ya waye da gajimare, ba rana, ga Mama tana son motarta kafin Lahadi. Ban bi wurin da wuta ba. Na goge da tsumma na shafa banish. Da Baba ya tashi ya duba, ya ga yana ƙyalli, ya ce ya yi. Ban ba shi labarin ruwan ba.

Asabar ta farko lafiya, ta biyu lafiya. Ta uku suka zo da hanzari wajen ƙarfe goma na safe, Mama a gaba da jakarta a cinya. Ashe wani ne ya je wajenta da keke daga wani ƙauye a bayan dutse, ya ce wata mata mai suna Talatu ta kwana biyu tana naƙuda. Iska kawai suka tsaya sa wa taya. Ishaya yana bugawa, ni na zame ƙarƙashi na yi duban da aka saba.

A gefen waldata na ga wani layi ja, siriri kamar zaren ɗinki, tsawonsa bai fi gaɓar yatsa ba. Na ce laka ce. Na goga da babban yatsa, bai tafi ba. Na tofa miyau na sake gogawa. Yana ƙarƙashin banish ɗin, a jikin ƙarfen kansa.

Na san ko mene ne. Na buɗe baki, sai na tuna aikin wane ne, na tuna buhun 'yan sanda. Ishaya ya ce, "Bulus, fito mana, ko so kake in taka ka?" Na fito. Mama ta ce, "Lafiya, ɗana?" Na ce, "Lafiya, Mama." Suka tafi.

Rabin awa na yi ina bugun wani bokiti ban san abin da nake bugawa ba. Sau biyu guduma tana faɗuwa daga hannuna. Baba ya ajiye abin da yake yi ya ce, "Me ka gani a ƙarƙashin motar nan?"

Na gaya masa duka, har da ruwan. Na zaci mari zai biyo baya. Bai ko dube ni ba. Ya ɗauki tsoffin ganyen sifirin guda biyu, da dogayen ƙusoshi masu noti, da faranti huɗu na ƙarfe, da sarƙa, da sifana, ya zuba a buhu ya ɗora mini a cinya a bayan babur.

Hanyar ƙauyen ba kwalta, ruwa ya cinye ta, ga hadari yana haɗuwa a kan dutse. Duk kwanar da za mu sha sai in rufe ido, in buɗe, in leƙa kwari ko zan ga tayoyi a sama. Sau ɗaya na hango wani abu kore a ƙasa na damƙe kafaɗar Baba har muka kusa faɗuwa, ashe rufin wata rumfar gona ne. Babur ɗin ya kasa hawa wani wuri, muka sauka muka tura.

A can saman dutse muka gamu da su suna dawowa, saura kaɗan su kama gangare. Baba ya gicciye babur a tsakiyar hanya. Motar cike take: Talatu kwance a baya, da uwarta, da mijinta, da ƙannensa biyu.

Mama ta leƙo. "Yohanna, ka haukace? Hannun jariri ne ya fito. Sai an yi mata aiki a Kafanchan. Kauce!"

Ya ce, "Mama, ba ni ɗan lokaci kaɗan, don girman Allah."

Ya kwanta a laka ya shiga, ya kira ni. Layin da na bari kamar gaɓar yatsa ya kai tsawon yatsa guda. Banish ɗin ya yi fari-fari a gefensa, alamar ƙarfen yana buɗewa yana rufewa da kowane rami. Baba ya ɗauki ƙusa ya yi zane daidai inda layin ya tsaya. Muka sa ganyen sifirin ɗaya a saman shasin, ɗaya a ƙasa, muka matse da faranti da noti, muka naɗa sarƙa, amma ya bar gefen a buɗe domin ido ya riƙa gani. Muna ɗaurewa, diddigen Talatu yana dukan daɓen motar daidai saman fuskata. Noti ɗaya ya suɓuce mini cikin laka, na yi ta lalube har na same shi.

Da muka fito, Mama ta sauko tana tsaye. Ta ce, "Za ta kai?"

Baba ya ce, "Ban sani ba, Mama."

Ta dubi gangaren, ta dubi bayan mota. Ta ce, "Idan muka tsaya, ta mutu. Wannan kam na sani. Kowa ya sauka, sai ni da ita."

Mijin ya ce shi ba zai bar matarsa ba. Ta ce, "Nauyinka ne zai kashe ta. Sauka ka ɗauki dutse."

Haka muka kama gangaren. Ishaya ya sa giya ta ɗaya, gumi yana zuba daga haɓarsa. Mijin da ƙaninsa suna bi da manyan duwatsu a hannu don tare taya, ɗaya ƙanin yana tura babur, uwar tana baya tana addu'a da yarensu. Hannun dama kwari ne, ba shinge. Ni ina tafe a gefen tayar hagu. Duk kwana sai Ishaya ya tsaya, a sa duwatsu, in kwanta in shiga. Ruwa ya sauko. Laka tana rufe wurin, amma shafa ɗaya da gefen rigata sai banish ya fito tas, in ga ƙarfen kamar ta gilashi.

Tsayawa ta farko, layin yana kan zanen. Ta biyu, ya wuce da tsawon ƙwayar shinkafa. Na faɗa. Baba ya shiga ya yi sabon zane, ya ƙara matse noti har sifana ta lanƙwashe. Ta uku ya sake wucewa da ƙwaya guda. Ishaya ya leƙo ya ce, "Baba, ƙafata tana rawa a kan birki." Baba ya ce, "Bar ta ta yi rawa, kada dai ta sauka."

Kusa da ƙasa akwai inda ruwa ya yanka hanya ya yi kwazazzabo. Tayar gaba ta wuce. Ta baya tana faɗawa muka ji ƙas, da ƙarfi, motar ta karkata wajen kwari. Uwar ta yi ihu, "Yesu!" Ishaya ya taka birki. Ba wanda ya motsa. Motar tana karkace, duwatsun tare taya suna zamewa a laka, kuma dole wani ya shiga ƙarƙashinta ya gani. Baba ya fara sunkuyawa, na riga shi. Na goge wurin. Layin yana nan a kan zane na uku, bai motsa ba. Ƙugiyar sarƙa ce ta tsinke. Na janye jikina na fito, na yi wa Ishaya alama ya tafi.

Daga gindin dutse zuwa Kafanchan hanya shimfiɗe take. Mijin kaɗai aka bari ya hau, a gaba. Mu muka bi su a babur, idona a kan tayar nan har ƙofar asibiti. Aka yi wa Talatu aiki, ta rayu. Jaririn bai zo da rai ba. Na tambayi Mama ko jinkirin da muka yi a hanya ne ya jawo, ta ce tun a ƙauye ta daina jin motsinsa. Ban sake tambaya ba.

Ranar Litinin Baba ya yanke wurin da zarto. Tsagar ta ci kashi biyu cikin uku na ƙarfen. Ya aika aka kira Mama, ya ba ta kujera, ya ajiye guntun a gabanta, ya ce, "Bulus yana da magana."

Na durƙusa na faɗa da bakina, ruwan da ya faɗa kan walda, da wutar da ban bi ba, da abin da na gani ranar Asabar. Ta ɗauki guntun ta duba tsagar.

Sannan ta ce, "Ruwan sama ba kai ka aiko shi ba. Amma ina zaune a gaban mota, kana ƙarƙashina, ka gani da idonka, na tambaye ka, ka ce lafiya."

Baba ya ce, "Hukunci naki ne, Mama. Idan kin ce ya tafi, yau zai tafi."

Ta ce, "Idan ka kore shi, wanda za ka ɗauka bai taɓa ganin wannan zare ba. Bar shi. Amma ni daga yau ba zan ƙara tambayar kowa ba."

Ban gane abin da take nufi ba sai bayan sati uku. Baba ya sa na kankare shasin gaba ɗaya ni kaɗai, har inda ba abin da ya same shi, na sake komai daga farko, shi yana zaune a kan duro yana kallo. Ranar da za a karɓi motar, Mama ta sauko da tabarma a hammata da tocila a hannu. Ta shimfiɗa tabarmar a gefen taya, ta dafa kafaɗar Ishaya, ta sauka a kan gwiwoyin nan nata tana nishi, ta kwanta.

Ta ce, "Shigo ka nuna mini."

Na kwanta kusa da ita na nuna mata wurare takwas, duk inda aka yi walda da duk inda sifirin yake rataye. Na nuna mata yadda ake gogewa, da yadda za ta bambanta laka da tsatsa, da farin da banish yake yi idan ƙarfe yana motsi. Ta sa na maimaita sau biyu, sannan ta karɓi tsumma ta bi su ɗaya bayan ɗaya da kanta, tana ƙirgawa da ƙarfi.

Shekara shida ta ƙara yi a aiki, motar ba ta sake tsagewa ba. Amma mutanen Kagoro da suka san ta za su gaya muku, kowace Litinin da safe akan ga tsohuwar nan kwance a kan tabarma a gaban ɗakin magani, rabin jikinta a ƙarƙashin mota, marasa lafiya suna layi suna jira. Ishaya yana zaune a kan sitiyari da makulli a hannu, ba ya tayar da inji sai ta fito, ta karkaɗe zane, ta ce, "Na gani. Mu tafi."